Yadda Za Ka Zaɓi Sabuwar Tagar Rufi Ga Motar Kwana

Motar kwana ita ce motar da aka yi wa ɗaki a ciki don kwana lokacin tafiya. Kafin ka biya ko sisi, cire firam ɗin ciki na tsohuwar tagar ka auna ramin da ke rufin, ba murfin tagar ba. Yawancin motocin Turai ramin santimita 40 ne kowane gefe, na Amurka kuwa inci 14, wato wajen santimita 35.5. Ka auna kaurin rufin ma, domin kowace taga da iyakar kaurin da take kamawa.

A Sakkwato zafin bazara kan wuce digiri 40, don haka taga mai roba garau da ake gani ta cikinta tana mayar da mota tanda. Nemi mai roba ninki biyu, da labulen da ke mayar da hasken rana, da ragar sauro. In da hali, mai fanka ta volt 12 irin MaxxFan ta fi, tana fitar da zafi da dare. Wasu tagogin suna da kafar iska da ba ta rufuwa, ƙurar hunturu za ta shigo ta nan.

Wurin ɗaurawa ne aka fi samun yoyo. Kankare tsohon gam tsaf, goge tsatsa, shafa fenti a bakin ƙarfen. Rufin ƙarfe yana da tudu da kwari, sai an cike kwarin ya daidaita. Sa gam ɗin butil ko Sikaflex, ban da silikon, yana ɓarewa. Sashen da murfin ke manne ya kalli gaban mota, kada iska ta fizge shi. Kar ka matse sukurori da ƙarfi, firam na tsagewa. Zuba ruwa da bokiti ka gwada tun kafin damina.