Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Karanta Tsofaffin Hotunan Kayan Soja

A 1866, shekara guda bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, Janar Montgomery Meigs, hafsan da ke kula da sutura da kayan aikin sojojin ƙasar, ya sa wani mai ɗaukar hoto na birnin Filadelfiya, Oliver H. Willard, ya ɗauki kayan soja kamar yadda doka ta tsara su: na sojan ƙasa, na sojan doki, na masu igwa, kowane muƙami da irin nasa. Wasu daga cikin hotunan suna Gidan Tarihi na Metropolitan a New York, kuma sun bazu a intanet. Ɗaliban tarihi da masu ɗinka kayan fim da masu sa tsofaffin hotuna a Facebook duk da irinsu suke kafa hujja, kuma wuraren da suke yin tuntuɓe kusan iri ɗaya ne.

Na farko shi ne ɗaukar hoton doka a matsayin hoton fagen daga. A hotunan Willard komai fes yake: doguwar kwat mai maɓalli 9, baƙar hula mai baki da aka naɗe gefenta guda aka soka mata gashin jimina, ga tagulla tana ƙyalli a kafaɗa. Abin da takarda ta ce ke nan. Sojan da ya yi wata da watanni yana tattaki cikin taɓo kuwa, galibi 'yar sakakkiyar riga mai maɓalli 4 ce a jikinsa, da ƙaramar hula mai laushi, tagullar kafaɗar ma ta daɗe da ɓata. Bambancin kamar na hoton ango ne ranar ɗaurin aure da yadda za ka same shi a gona da damina. Kafin ka kafa hujja da hoto, ka fara tambayar wa ya sa aka ɗauke shi, kuma don me. In hukuma ce, doka kake kallo. In kana neman abin da aka sa a sansani, nemi irin hotunan da Roger Fenton ya ɗauka a yaƙin Kirimiya a 1855, inda za ka ga hafsoshin Ingila da gemu buya-buya, wasu cikin rigar fatar tumaki saboda sanyi.

Kuskuren da ya fi cin mutane, har da masu ilimi, shi ne na launi. Mun saba da cewa a hoton fari da baƙi, abu mai haske zai fito da haske, mai duhu ya fito da duhu. Wannan bai shafi hotunan wancan zamani ba. Sinadarin kolodiyon da Frederick Scott Archer ya fito da shi a 1851, wanda ake shafawa a gilashi a ɗauki hoto tun yana jiƙe, shuɗi yake gani sosai, ja da rawaya kuwa kusan bai san da su ba. Saboda haka shuɗi mai haske yakan fito kamar fari, ja ya fito baƙi, rawaya ma ya yi duhu. To duba inda matsalar take: a rundunar Amurka da launi ake rarrabe soja, shuɗi mai haske na sojan ƙasa, rawaya na sojan doki, ja na masu igwa. Saje mai igiya uku na sojan doki, igiyoyinsa rawaya ne, amma a hoto sai su nemi sajewa da duhun rigarsa. Jar rigar sojan Ingila da duniya ta sani, a hoto baƙa ce. Wanda bai san wannan ba sai ya rantse cewa kayan baƙaƙe ne, ya kai wa tela baƙin yadi.

Maganinsa kada ka yanke hukuncin launi daga hoton kaɗai. Ka haɗa shi da rubutacciyar dokar sutura ta shekarar, ko da rigar da ta tsira a gidan tarihi. Hotunan da aka shafa wa launi da hannu a lokacin sun fi taimako, amma ba duka ba, don mai shagon hoto yakan ɗiga ruwan zinariya a kan maɓalli da kan bel har ya rufe lambar rundunar da kake nema. Su kuwa hotunan da manhajojin yanzu ke yi wa launi, a ganina ado ne kawai. Manhajar hasashe take yi daga duhu da hasken hoton, wato daga daidai wurin da hoton ya yi ƙarya.

Sai batun dama da hagu. Hoton dagerotaif da aka fara a 1839, wanda ake yi a kan farantin da aka shafe da azurfa, da na tintaif da ake yi a kan siririn farantin ƙarfe, yawanci a juye suke fitowa kamar a madubi. Shi ya sa ake ganin haruffan kan bel a birkice, takobi yana rataye a dama. Wasu sojojin sun san da haka, sai su sauya wa kayansu gefe kafin a ɗauka, abin ya ƙara rikicewa. Abin da ba ya sauyuwa shi ne ɗinkin rigar: ta maza ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. In ka ga akasin haka, juya hoton a kwamfuta kafin ka ce uffan.

Makaman da ke hannun soja ma a yi hattara da su. Ƙaramin yaro da bindigogin hannu biyu a soke a bel da sharɓeɓiyar wuƙa, sau da yawa na mai shagon hoto ne, aro aka ba shi don hoton da zai aika gida. Duba bayan takalminsa: in ka hango gindin wani ƙarfe a ƙasa, sandar da ake tokare kai da ita ce don kada mutum ya motsa, wato a shago aka ɗauka.

Haka nan a yaƙin basasar Amurka ba kowane mai kaya toka-toka ne sojan Kudu ba. A 1861 akwai rundunonin Arewa, irin ta 7 ta New York, da ke sa toka-toka, akwai kuma 'yan Kudu masu shuɗi. Jar dara da buje ma ba sa nuna cewa mutum ɗan Afirka ne. Salon sojojin Zuwab ne da Faransa ta kafa a Aljeriya, kuma Turawan Amurka da dama sun kwaikwaye shi.

Wannan salo ya iso har wajenmu. Dakarun Hausawa da Baturen Ingila John Glover ya kafa a Legas a 1863, da waɗanda aka kai Gwalkwas, wato Ghana ta yau, an san su da jar dara, amma a hoto baƙa za ka gan ta, domin sai a wajen 1906 farantin hoto mai ganin ja sosai ya shiga kasuwa. Kurakurai biyu ake yi da hotunansu. Ɗaya, a liƙa musu sunan Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, alhali ita sai a 1897 aka fara kafa ta. Biyu, a ɗauka duk wanda aka rubuta "Hausa" a ƙarƙashin hotonsa Bahaushe ne. Turawa sun riƙa kiran rundunar duka da wannan suna, ko da akwai 'yan wasu ƙabilu da yawa a cikinta.

Game da shekara, mutane kan manta da bayan hoton. Sunan mai shago da adireshinsa suna can. In hoton Amurka ne kuma ka ga kan sarki na haraji manne a baya, to tsakanin 1864 da 1866 aka sayar da shi, don a shekarun nan ne kaɗai aka sa wa hotuna wannan haraji. A ɓangaren Ingila, rigar da ta maye gurbin tsohuwar kwat mai jela a 1855 layin maɓalli biyu gare ta, a 1856 aka mayar da shi ɗaya. Don haka in wani ya turo maka hoto yana neman bayani, ka ce ya ɗauko maka gaba da baya, har da gefen katin, kada ya yanke komai.