Yadda ake gane tsohon kifin shak mai idon kyanwa daga haƙoransa da suka zama dutse

Kifin shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko ƙarfasa, guringuntsi gare shi. In ya mutu jiki ya ruɓe, haƙora ne ke saura, shi ya sa da su ake gane irin da suka ƙare a duniya. Dangin da masana ke kira Scyliorhinidae, ƙananan shak masu ido irin na kyanwa, suna teku tun sama da shekara miliyan 150. Haƙoransu yawanci milimita 1 zuwa 3 ne, kamar ƙwayar riɗi. Mai tsinta da ido a fili zai taka su ya wuce.

Yashin Gulbin Maradi ba wurin nema ba ne. Sai an nausa yamma, ƙasar Adar, wajen Malbaza da Tahoua, inda teku ya taɓa kwanciya shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, ya bar laka da dutsen farar ƙasa irin wanda ake siminti da shi. A 1972 Henri Cappetta, wani masani Bafaranshe, ya yi bayanin tsofaffin kifayen wannan yanki, wanda masana ke kira kwarin Iullemmeden. Kada a haƙa sai da izinin hukuma, kuma ya kyautu a tuntuɓi malaman ilimin ƙasa na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi.

A ɗebo ƙasa kilo 10 zuwa 20 daga shimfiɗa guda, wato hawa ɗaya na laka ko dutse, a rubuta wuri da zurfi a jikin buhu nan take. Haƙorin da ba a san shimfiɗarsa ba ya rasa rabin amfaninsa. A shanya ta bushe ƙayau, sannan a jiƙa ta kwana, ta saki da kanta. Kada a daka, kada a murza.

In dutsen farar ƙasa ne, ruwa ba ya narkar da shi, sai farin binegar mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. A canza shi duk bayan kwana ɗaya ko biyu. A nan ake yawan yin ɓarna. Ruwan batir da sauran asid masu ƙarfi suna cinye haƙorin kansa. In kuma aka yi gaggawar shanyawa, gishirin da binegar ya bari cikin saiwar haƙorin zai daskare ya tsaga shi. A bar shi a ruwa mai tsabta, ana canzawa, fiye da kwanakin da ya yi a binegar.

A tace da rariya biyu, mai ido milimita 2 a sama, mai rabin milimita a ƙasa. Abin da ta ƙasan ta tare a shanya, a baza kaɗan-kaɗan a baƙin faranti, a duba da madubin ƙara girma sau 20 zuwa 40. Da jiƙaƙƙen burushin zane ake ɗauka, hantsaki fasa su yake.

Haƙorin wannan dangi yana da siririn tsini a tsakiya, da ƙanana ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, a kowane gefe. Sau da yawa akwai zane-zane a tsaye a gindin tsinin ta fuskar leɓe. A kifa shi a dubi saiwa: gindinta shimfiɗaɗɗe ne, ta kumbura ta wajen harshe, kuma akwai kwarmi a tsakiya, buɗe ko rufe. In saiwar ta rabu dogayen ƙafafu biyu, wataƙila ɗan wani babban shak ne. In tsinin ya kwanta baya sosai, ƙananan suka taru ta bayansa, a yi zaton wani dangin shak ne dabam, Triakidae.

Daga nan sai a auna tsawo da faɗi, a ƙirga ƙananan tsinin, a lura inda zanen ya tsaya, a ɗau hoto ta fuska huɗu. A gwada da waɗanda aka yi bayaninsu daga ma'adinan fosfat na Khouribga a Maroko, irin su na rukunan Premontreia da Foumtizia.

Kada a raɗa suna da haƙori guda. A baki ɗaya, na gaba dogo ne, na gefe gajere mai faɗi. Na namiji ya bambanta da na mace, na ƙarami da na babba. Sai an tara gommai daga shimfiɗa guda, an jera su daga gaba zuwa kusurwar baki. In ba su kai ba, a rubuta sunan rukuni kawai, kamar Foumtizia, a bi shi da "sp.", wato ba a tantance takamaiman irinsa ba.