Babi na 7: Buɗe wa Jama'a Akwatin Imel Kyauta a Shafin Ƙungiyarku

Darasi na 1: Abin da za ku tanada

Idan ƙungiyarku, ta 'yan kasuwa a Kasuwar Barci ce ko ta matan unguwa a Kawo, tana da shafin intanet, za ku iya ba masu ziyartar shafin akwatin imel kyauta mai ɗauke da sunan shafin. Abu biyu kuke buƙata. Na farko sunan shafi, misali shafinku.com.ng. Sunayen da suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA, mai rajistar sunayen shafukan intanet na Najeriya, ce ke kula da su. Na biyu kamfanin da ke ajiye muku shafin, shi zai ba ku izinin shiga cPanel, wato wurin da ake sarrafa shafin da akwatunan imel ɗinsa. Ku tambaye shi akwati nawa ya yarda ku buɗe, don wasu sukan ƙayyade.

Darasi na 2: Rubuta suna

Ku shiga cPanel, ku nemi inda aka rubuta "Email Accounts", ku danna. Sai ku danna "Create". Gurbin suna zai fito. A nan ake yawan tuntuɓe, don haka a bi a hankali, kada kowa ya ji kunya.

Suna kawai za ku rubuta. Alamar @, wato harafin a da aka zagaye da da'ira, da sunan shafin suna nan a gefen dama, an riga an sa muku.

Kada ku bar sarari. Idan sunaye biyu ne, ku haɗe su ko ku sa ɗigo tsakani: musa.bello. Babban yatsa yakan sauka kan dogon maɓallin nan na ƙasa ba tare da mutum ya sani ba. Ku ɗaga shi. Ku duba allo, ku ɗora yatsa ƙarƙashin sunan, ku karanta harafi bayan harafi. Akwai sarari? Ku goge.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa shiga nan. Malam Ɗanjuma zai rubuta danjuma. Hajiya Sa'adatu za ta cire alamar nan ta sama, ta rubuta saadatu. Ba laifinku ba ne, haka aka gina abin.

Mu sake: suna kawai, babu sarari, babu lanƙwasa. Madalla. Ku gwada a takarda sau 5 kafin ku taɓa kwamfuta.

Haba jama'a, wanda ya ƙi gwadawa a takarda kada ya dawo yana cewa kwamfuta ta ƙi shi! Sarari ɗaya ya isa ta ƙi karɓar sunan. Ku sake dubawa.

Darasi na 3: Kalmar sirri da fili

Ku haɗa manyan haruffa da ƙanana da lamba. Ban da lambar waya, ban da 1234. A gurbin fili, wato yawan wurin ajiyar saƙonni, ku yanka wa kowa megabait 250 ko 500, in ba haka ba mutum ɗaya zai cika rumbun da hotunan biki, saƙon kowa ya daina shigowa. Ku danna "Create".

Darasi na 4: Shiga akwati

Mai akwati zai rubuta shafinku.com.ng/webmail, ya sa cikakken adireshinsa da kalmar sirri. Babu sarari a nan ma. Wanda ya fara tura saƙon damfara ku rufe akwatinsa nan take, kafin sauran kamfanonin imel su riƙa mayar da saƙonnin duk mai akwati a shafinku.

Darasi na 5: Sabuntawa

Ku biya kuɗin sunan shafi duk shekara. Idan wa'adi ya wuce, duk akwatunan za su tsaya.