Darasi Na Tara: Ina Amani Ya Tafi?

Wannan darasi ya samo asali ne daga tambayar wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa a unguwar Nima ta Akara, wadda take zuwa ajinmu na yamma. Rannan ta shigo da ƙullin kyafaffen amani, wani kifin teku, ta kwance shi a kan benci, ta ɗaga guda ɗaya tsakanin yatsu biyu. Ta ce, "Malam, dubi abin da na sayo. Sanda nake yarinya, irin wannan ba a kawo shi kasuwa. Yau shi ne kifin, ga tsada. Ina manyan suka tafi?" Na ce, "Hajiya, ajiye shi nan, yau da shi za mu yi karatu."

Mu mutanen zango yawancinmu ba masunta ba ne. Su a teku sana'ar Gawa (ƙabilar Ga) ce da Fante da Ewe. Amma tukunyarmu tana jingine da komarsu. Shito ba ya daɗi sai da garin amani, miyar ayoyo ta tuwon zafi ma haka. A Gana, fiye da rabin naman da jama'a ke ci kifi ne. Saboda haka abin da ya taɓa teku ya taɓa Nima da Mamobi da Sabon Zango.

Karanta wannan sashe a hankali, sau biyu.

A cikin teku kowa abincin wani ne. Akwai wasu halittu mitsi-mitsi da ke yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu sosai, masana suna ce musu filankiton. Amani da ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa, wanda Gawa ke ce wa amoni, su ne ke cin filankiton. Su kuma manyan kifaye irin su tuna, da tsuntsayen teku, suna cin amani. Ke nan amani yana tsakiya: yana ɗauko abinci daga ƙasa ya miƙa wa na sama, har ya iso gare mu.

Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku a gaɓar Gana, ya zo da taki. Filankiton ya yawaita, amani ya matso kusa, ya yi ƙiba, ya saki ƙwai. Shi ya sa tsofaffi suka san Agusta da arhar kifi. Lokacin da ya fi sauƙin kamuwa kuwa shi ne lokacin da cikinsa ke cike da ƙwai. A nan matsalar take.

Mutane da yawa suna zaton idan wani kifi ya ƙare, gurbinsa zai zauna fanko yana jiransa har ya dawo. Ba haka teku take ba. Ku dubi kasuwar Nima ranar Laraba. Idan mai tebur ta daina zuwa, wata ce za ta shimfiɗa kayanta a wurin, kuma ranar da ta farko ta dawo ba lallai ne a tashi a ba ta ba.

An ga wannan a tekunmu. A 1972 masuntan Gana sun kama amani mai yawan gaske, har da ƙanana. A 1973 kamun ya faɗi warwas. A waɗannan shekarun ne wani kifi mai kaurin fata da ƙaya a gadon baya, wanda Fante ke kira ewurafua, ya cika ruwan. Da can ba a damu da shi ba. Sai ga shi ya zama shi ne ke cika koma, mata suka koyi feɗe shi da sa masa gishiri da shanya shi. Ya yi shekaru yana mulki, sai a ƙarshen shekarun 1980 shi ma ya ja baya. Masana sun ce sauyin yanayin ruwa yana da hannu a cikin wannan juyi, ba kamu kaɗai ba. Amani ya farfaɗo a wancan karon, kuma ina ganin wannan ne ya sa mutane suka saki jiki, suna cewa teku ba ta ƙarewa. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 kamunsa yake raguwa, har yau bai koma yadda yake ba.

Wasu ƙasashen ba su sami irin sa'armu ta farko ba. A Namibiya an kwashe sadin, ɗan'uwan amani, a shekarun 1960 da 1970. Abincin da ya bari sai wasu suka gaje shi: wani ɗan kifi da ba shi da daraja a kasuwa, da wata halitta mai santsi kamar kamu, mai harbi, wadda ba ta da ƙashi. Ita wannan halitta tana cin ƙwan kifi da 'ya'yansa. Wato wanda ya gaji gidan shi ne kuma yake hana mai gidan haihuwa. Tsuntsayen da suka dogara da sadin suka ragu ƙwarai.

A Kanada babba ne ya faɗi. Kifin kod, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa, ya ƙare har gwamnati ta hana kamunsa a 1992, dubban mutane suka rasa abin yi. Da kod ya tafi, ƙaguwa da jatan lande da yake ci suka yi yawa. A wasu wuraren kuma ƙananan kifayen da a da suke gudunsa suka koma cin ƙwansa. Kun ga yadda reshe ke juyewa da mujiya: wanda ake ci jiya, yau shi ne ke cin 'ya'yan mai cinsa.

To, me ya kawo mu nan? Ruwa ba ya tsami banza. Kwale-kwale sun yi yawa, kowanne da inji. Akwai koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan tsako. Akwai masu kunna fitila mai ƙarfi da dare a kan ruwa, kifi ya taru a haske a kwashe shi gaba ɗaya. Wasu har da nakiya da guba suke yi. Sannan an yi saiko: manyan jiragen da aka ba izinin kamun kifin ƙasan teku sai su kama ƙananan kifayen da ke hakkin masu kwale-kwale, su daskarar da su falle-falle kamar allo, su sayar a tsakiyar ruwa. Wannan ciniki ya yi suna a Elmina da Apam. Dokar kamun kifi ta 2002 da ƙa'idojin 2010 sun haramta irin waɗannan abubuwa. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi saboda kamun da ya saɓa doka. Ni dai ba na ɗora laifin duka a kan mai kwale-kwalen Chorkor, unguwar masunta a Akara, da ya ci bashin mai ya dawo da koma wayam. Yunwa ce ke tura shi ga fitila. Amma fitilar ba ta rage masa yunwar gobe.

Kakannin masunta sun san hutu. Har yanzu a Akara ba a shiga teku ranar Talata. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku wata guda ga masu kwale-kwale, daga 2021 zuwa 2024 aka yi shi a watan Yuli, manyan jirage kuwa wata biyu, Yuli da Agusta. Idan kifi ya yi tsada a irin wannan lokaci, ba mugunta ba ce ta mai sayarwa, an bar uwa ce ta saki ƙwai.

Yanzu sai aiki. Doka ta ce kada a sauke amani da bai kai santimita 18 ba. Kowa ya ɗauki rula ya auna taƙinsa, daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami, ya rubuta lambar a littafinsa. A hannun yawancin manya, santimita 18 ya yi kusa da taƙi guda. Da muka auna na Hajiya, bai wuce rabin taƙinta da kaɗan ba. Kyafa takan sa kifi ya ɗan tsuke, amma ba haka ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe jariri na sayo." Wata a bayanta ta ce, "Yaya, in ba ki saya ba wata za ta saya." Gaskiya ce. Amma mai sayar da abinci da ke ɗaukar kwando guda duk mako, maganarta tana da nauyi wurin dillaliya. Idan ta ce babba take so, saƙon zai bi ta hannu zuwa hannu har bakin ruwa.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku lura da ƙ da ɗ: teku, koma, ƙwai, ƙaya, faɗi, taki. Sannan ku amsa da baki: me amani yake ci, kuma wa ke cinsa? Me ya faru a tekunmu a 1973? Don me kifin da ya ƙare ba ya saurin dawowa ko an daina kamunsa?

Ga lissafi. A ce Hajiya tana sayen amani na sidi 150 duk mako, sai ya koma sidi 210. Nawa ya ƙaru a mako guda? Nawa ke nan a mako huɗu?

Kafin zama na gaba, kowa ya je kasuwar da ya saba, Nima ko Malata ko Mamobi. Ya auna amani biyar da taƙinsa, ya rubuta nawa ne suka kai, nawa ne ba su kai ba. Ya kuma gaishe da tsohuwar da ta fi daɗewa a layin masu kifi, ya tambaye ta, "Inna, wane kifi kuke sayarwa da, wanda yanzu ba a ganinsa?" Ku rubuto sunan yadda ta faɗe shi, ko da yarenta ne, za mu jera su a allo ranar Alhamis.