Yadda Ake Kallon Manyan Igiyoyin Ruwa na Nazare Lafiya

Nazare garin masunta ne a ƙasar Fotugal, kimanin kilomita 120 arewa da Lisbon. A gaɓarsa ta arewa, Praia do Norte, Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiyar ruwa mai tsayin mita 26.21 a kan allon sulu a watan Oktoban 2020. Sirrin wurin wani kwazazzabo ne a ƙarƙashin teku mai zurfin kusan mita 5,000, wanda ya ƙare dab da gaɓa. Ruwan da ya biyo ta cikinsa a guje yakan haɗu da wanda ya taso ta wuri marar zurfi, sai su miƙe sama tare.

Da farko, ka zaɓi lokaci. Daga Oktoba zuwa Maris ne tekun ke tashi, amma ba kullum ba. Kafin ka yanki tikiti, ka duba hasashen teku a shafin intanet na Windguru ko Surfline. Abin da ake nema shi ne igiyoyin ruwa masu ƙarfi daga arewa maso yamma, da iska mai sauƙi daga gabas. Wanda ya zo ba tare da dubawa ba, yana iya tarar da teku a kwance.

Na biyu, daga Lisbon ka hau bas, tafiyar kamar awa biyu ce. In ka sauka, ka haura unguwar Sitio da ke kan dutse, ka gangara zuwa tsohuwar ganuwar São Miguel Arcanjo mai hasumiyar fitila. Ka yi sammako, domin ranar babban ruwa wurin cika yake yi. Ka riƙo rigar sanyi da tabarau mai hangen nesa.

Na uku, kuma shi ne abin da ya fi damuna: kada ka sauka kan rairayi don ɗaukar hoto, kada ka tsallake shinge zuwa bakin dutse. Masu hawan ruwan nan da babur ɗin ruwa ake jan su, ga masu ceto a tsaye, duk da haka Maya Gabeira ta kusa nutsewa a 2013, Marcio Freire kuma ya rasu a nan a Janairun 2023. Igiya ɗaya takan wuce 'yan uwanta ta share inda ka ɗauka busasshe ne. In da yara tare da kai, hannunsu ya kasance cikin naka har ku bar wurin.