Samfurin Gidan Yanar Gizo: Kurakuran da Na Gaji da Gyara wa Mutane

Duk wanda ya turo mini saƙo yana cewa "wallahi jiya lafiya lau yake, yau na tashi komai ya watse", tun kafin in buɗe gidan yanar gizon nasa na san inda cutar take. Samfurin da ke riƙe da dukkan shafuka ne aka taɓa: kan shafi, jerin mahaɗai, ƙasan shafi, launi da salon rubutu. Wuri ɗaya ake taɓawa, shafi ɗari su amsa.

Babban laifi shi ne gyara uwar jigo kai tsaye, wato ainihin tarin fayilolin da ke ba gida kamanninsa. Ni ma na yi, kuma na ji a jikina. Farkon fara aikina da WordPress, manhajar gina gidan yanar gizo, na ɗauko jigon da wasu suka rubuta, na buɗe header.php da style.css na yi ta yanka da ɗinki kusan mako uku, har gidan ya fito yadda mai shi yake so. Ran nan sai ga sanarwar sabuntawa, na danna ko tunani ban yi ba. Sabuntawa ba ta shawara da kowa. Tsohuwar foldar jigon take kwashewa ta dasa sabuwa, duk abin da ka rubuta a ciki ya bi ruwa. Kwafi kuwa ba ni da shi. Mai gidan ya kira yana tambayar ina tambarinsa ya shiga, ni kuma ina zaune ina kallon allo, bakina ya mutu.

Tun daga ranar ba na sa hannu a jigon wani sai na haifa masa ɗa, wato ƙaramin jigon da ke gadon komai daga uwar. Folda ce daban a cikin wp-content/themes, da style.css nata, a samansa ka rubuta layin Template da sunan foldar uwar, harafi da harafi. Fayil ɗin samfurin da kake son sauyawa, kamar footer.php, shi kaɗai za ka kwafo cikin ɗan, na ɗan ne zai yi aiki. Amma don Allah kada ka kwafo functions.php ɗungurungum. Shi ba ya maye gurbin na uwa, dukansu biyu ake lodawa, na ɗa ne ma a gaba. In sunan function ɗaya ya maimaitu a cikin fayilolin biyu, sai gidan ya tsaya cak, farin allo kawai.

Na biyu shi ne wanda ke ɓata mini rai fiye da kima. Mutum ya gina shafi ashirin, kowanne ya liƙa masa nasa kan shafin da hannu. Haba! To ina amfanin samfurin? Ranar da aka ƙara mahaɗi ɗaya a jeri sai ka bi shafi ashirin ɗaya bayan ɗaya, kuma na rantse sai ka manta biyu. Na taɓa gadon irin wannan aikin, ƙasan shafi iri huɗu na tarar a gida ɗaya, kowanne da shekararsa. Kowane tsarin gina gida ya tanadi hanyar rubuta abu sau ɗaya a yi ta kiransa: WordPress na da get_header, Django na da extends da block, Blade na Laravel na da yield. Ƙa'idata ita ce, duk abin da na ga na kwafa sau biyu, na uku ba zai faru ba, samfuri zai koma.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka goge wp_head da wp_footer don ka ga kamar ba sa komai, ta nan ƙarin manhajoji ke shigar da kayansu. In babu layin viewport, mai daidaita shafi da faɗin allo, a header.php, waya za ta nuna rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ka sa UTF-8, tsarin adana haruffa, sannan ka gwada salon rubutun da ƙ, ɗ da ɓ kafin ka ƙaunace shi, don da yawa ba su da su. Yayyafa !important, umarnin CSS mai danne sauran salo, a ko'ina kuma bashi ne, kai za ka biya.

Akwai wani sabon tarko tun da WordPress 5.9 ya fito a Janairun 2022 da gyaran gida gaba ɗaya ta hanyar bulo. Abin da ka sauya a editan, rumbun bayanai yake shiga, ba fayil ba, kuma shi ake fifitawa. Sai ka ga mutum ya wuni yana gyara fayil yana zagin burauza, alhali tsohon gyaransa na edita ne ya danne sabon. Shiga editan ka share wancan gyaran, na fayil zai fito.

Ni dai yanzu kowane jigo nawa yana cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, gwaji kuma a kwafin gidan nake yi, a kwamfutata. Kuma in barci ya fara fizgata, ko waƙafi ɗaya ba na taɓawa a header.php.