Yadda Ake Koyar da Yaran Firamare Rayuwar Tsirrai da Dabbobi

Yaron da ya shigo aji ɗaya a Funtuwa ko a Maraɗi ya riga ya ga gero yana tsirowa, ya kori kaji daga shanya, wataƙila ma ya ga akuyar gidansu tana haihuwa. Abin takaici shi ne a azuzuwa da yawa ana barin wannan sanin a ƙofar makaranta, a rubuta jerin sunaye a allo, yara su yi ta maimaitawa har a buga ƙararrawa. Manhajar kimiyya ta firamare da hukumar NERDC ta tsara a Najeriya ta sa batun abubuwa masu rai da marasa rai tun a azuzuwan farko, kuma hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce yaro ya gani da idonsa, ya taɓa, ya yi hasashe, sannan a ba shi suna da bayani. Kayan aikin ba sa cin kuɗi: wake, gwangwanayen madara, leda, kwalba da ƙasa.

Matakin farko shi ne fita daga aji. Malami ya raba yara rukuni-rukuni, su zagaya harabar makaranta, kowane rukuni ya kawo abu biyar, sannan a baza su a kan tabarma a ware masu rai daga marasa rai. A bar yara su yi gardama, domin a cikinta darasin yake. Wani zai ce ruwa yana da rai tunda yana gudu, wata kuma ta ce bishiya ba ta da shi tunda ba ta tafiya, kuma daga nan malami zai jawo su ga alamomin rai: ci, numfashi, girma da haihuwa. Kafin a fita a gargaɗe su kada su ɗaga dutse ko su zura hannu a rami saboda kunama da maciji.

Mataki na biyu shi ne shuka, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. A ɗauko ƙwayar wake busasshiya a tambayi yara ko tana da rai, a rubuta amsoshinsu a gefen allo ba tare da an gyara wa kowa ba. A jiƙa waken ya kwana, washegari kowane yaro ya ɓare guda ɗaya, zai tarar da ɓari biyu da ɗan ƙaramin tsiro a kwance tsakaninsu. Ɓarin nan biyu su ne guzurin da tsiron zai ci kafin ya fitar da ganyen kansa. A yi amfani da waken ci na kasuwa, kada a taɓa irin shuka da aka yayyafa wa magani, domin yara kan kai hannu baki.

Daga nan a tanadi gwangwani huɗu, a zuba ƙasa iri ɗaya, a shuka wake uku a kowanne. Na farko a huda ƙasansa, a riƙa ba shi ruwa daidai, a ajiye shi inda yake samun rana. Na biyu a hana shi ruwa gaba ɗaya. Na uku a ba shi ruwa amma a kife masa kwali. Na huɗu kada a huda shi, a cika shi da ruwa har ya shafe ƙasar. Kowane yaro ya faɗi abin da yake zaton zai faru kafin a jira sakamako. Cikin kwana 3 zuwa 5 na farkon zai tsiro, na biyu ba zai motsa ba, na huɗu zai ruɓe saboda iri yana bukatar iska kamar yadda yake bukatar ruwa. Na ukun ne ke ba yara mamaki, domin zai tsiro a cikin duhu, amma zai fito dogo, siriri, fari-fari mai rawaya, wanda ke nuna cewa irin wake ba ya bukatar haske don ya tsiro, ganye ne ke bukatarsa don ya haɗa wa tsiron abinci. Yaran da ba su iya rubutu ba su auna tsayin tsiro da tsinken tsintsiya kowace safiya, su karya shi daidai tsayin, su manna a kwali, bayan mako biyu za su ga girman a jere. A gefe guda a liƙa wake tsakanin jiƙaƙƙen tsumma da jikin kwalba, don a ga cewa saiwa ce ke fara fitowa, kuma ƙasa take nufa ko ta wace fuska aka ajiye irin.

Mataki na uku shi ne sassan tsiro, kuma kwanon miya ya fi zanen littafi bayyana su. A tambayi yara wane sashe ake ci: saiwa a rogo da karas, ganye a zogale da kuka da alayyahu, kara a rake, 'ya'ya a tumatir da kuɓewa, ƙwaya a gero da dawa. Idan lokacin damina ne a tuge gyaɗa guda a nuna musu yadda take yin fure a sama, sannan ta tura 'ya'yanta cikin ƙasa. A kuma ɗaura leda mai haske a kan reshen darbejiya da safe, kafin a tashi za a ga ɗigon ruwa a cikinta, wato ruwan da saiwa ta sha ya hau har ya fita ta ganye. Inda akwai gawo kusa da makaranta, malami ya yi babban rabo, domin shi yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, akasin kuka da ke tsayawa tsirara da rani, kuma kwatanta su biyun yana koya wa yaro cewa kowace bishiya da nata tsarin.

Mataki na huɗu shi ne dabbobi. A fara da tambaya guda: wa ke yin ƙwai, wa ke haihuwa ya shayar? Yara za su cika allo da kansu, kuma kusan kullum sukan sa jemage cikin tsuntsaye, alhali haihuwa yake yi kuma yana shayarwa. A ba su aikin gida na kallo: yadda akuya ke tuƙa, da bambancin ƙafar agwagwa da ta kaza. Idan an sami gidan da kaza ta fara kwanci, aji ya riƙa sa alama a allo kowace rana har ta ƙyanƙyashe a wajen kwana 21, a kwatanta da tunkiya mai ɗaukar ciki kusan wata 5 da saniya mai wata 9. Duk ƙwaro ko ɗan kwaɗon da aka kamo a mayar da shi inda aka same shi, kuma malami kada ya yi shiru idan ya ga ana jifan ƙadangare, domin tausayin mai rai yana cikin darasin.

Sauro ya cancanci darasi na musamman. A ɗebo ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, mai ƙananan tsutsotsi masu wutsil-wutsil, a zuba a kwalba, a ɗaure bakinta tam da guntun gidan sauro. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yara za su ga tsutsar ta dunƙule, sannan sauro ya fito. Wannan kwalbar kaɗai ce ba a sakin abin da ke cikinta. Yaron da ya ga haka zai fahimci dalilin da ya sa ake rufe randa da kife gwangwanaye don kauce wa zazzaɓin cizon sauro.

Wajen auna fahimta, a miƙa wa yaro tsiron da aka tuge ya nuna sassansa, ko a sa shi ya jera zanen ƙwai, tsutsa da sauro bi da bi. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan aiki, tsirran gwangwani na farko kuma a dasa su a gefen aji, a ɗora wa rukunoni ban ruwa har su yi fure su fitar da sabon wake.